Injin Mota a Cikin Jirgin Ruwa: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda a Ada

Shekara guda ke nan da na ɗora injin mota a cikin ƙaramin jirgin ruwan da nake ajiyewa a Ada Foah ta ƙasar Gana, inda kogin Volta yake haɗuwa da teku, kuma tun da labarin ya bazu a unguwar Nima da ke Accra ’yan’uwa suke tare ni bayan sallar Juma’a suna tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta dalla-dalla domin mai niyyar bin wannan hanya ya san abin da zai tarar.

Jirgin nawa na ɗaukar baƙi ne a ranakun Asabar da Lahadi, kuma injinsa na asali, wanda yake zaune a cikin cikinsa, tsatsa ta cinye shi bayan shekaru masu yawa a ruwan gishiri. Da na tambayi kuɗin sabon injin jirgi cikakke sai na ji abin ya fi ƙarfin aljihuna, daga nan wani mai shigo da kayan mota ya ba ni shawarar in sayi irin injin nan da ake harhaɗawa sabo ful a Amurka, a turo shi cikin akwatin katako, wanda masu son gudu suke sanya wa motocinsu. Wanda na zaɓa mai silinda takwas ne, samfurin Chevrolet 350, wato mai lita 5.7, wanda aka fara fitarwa a 1967 daga zuriyar injin da kamfanin ya ƙirƙiro tun 1955. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne, kamfanoni irin su MerCruiser da Volvo Penta sun daɗe suna gina injunan jiragensu a kan wannan gangar jikin, saboda haka na san zai zauna daidai a mazaunin tsohon. Takardarsa ta ce yana da ƙarfin doki kusan 400, alhali tsohon bai wuce 260 ba, kuma kuɗinsa bai kai rabin na injin jirgi ba.

Dole in yaba wa injin kansa. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema lafiya lau, an naɗe shi da kyau, aikinsa tsaf, kuma da muka tayar da shi a gareji kafin a kai shi bakin ruwa, ƙararsa kaɗai ta isa ta nuna cewa waɗanda suka haɗa shi sun san aikinsu. Har yau bai taɓa ɗigar da baƙin mai ba. Wani alherinsa kuma shi ne, fulogi da bel da matatar mai duk ana samun su a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ba tare da jiran kwantena ba.

Sai dai injin da yake cikin akwatin rabin aiki ne kawai, kuma bakaniken da ya yi mini aikin, dattijo wanda ya koyi sana’a a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, kafin ya koma gyaran jirage a Tema, ya gaya mini haka tun ranar farko. Ya ce, “Alhaji, mota tana hutawa a gangara, tana canza giya, amma jirgi kullum kamar tirela ce mai cikakken lodi a kan tudun da ba ya ƙarewa.” Na ce masa, “Masta, ai ƙarfin ya wadatar.” Bai yi mini musu ba, ya dai ɗauko takarda ya fara rubuta abubuwan da za a sauya.

Jirgi ba shi da lagireto, saboda haka sai da muka sa famfo mai farfelar roba da zai riƙa jawo ruwan kogi, tare da na’urar da ke sanyaya ruwan injin ba tare da ruwan gishirin ya shiga cikin gangar jikinsa ba, domin ruwan Ada yana gauraya da na teku duk lokacin da teku ta cika. Marufan ƙarfe da ke gefen injin muka musanya su da na tagulla. Salansar mota ba ta da amfani a nan, domin a ɗakin da yake rufe zafinta zai iya cinna wa jirgin wuta, sai irin wadda ruwa yake zagayawa a jikinta. Abin da ban yarda a yi wasa da shi ba shi ne kayan wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe shi, amma a jirgi taruwa yake yi a ƙasan ɗakin inji, kuma tartsatsi ɗaya daga sitata ko altaneta irin ta mota ya isa ya tarwatsa jirgi da mutanen da ke cikinsa. Muka sayi na jirgi waɗanda aka rufe don kada tartsatsi ya fito, da kafireta ta jirgi mai ragar ƙarfe a samanta, kuma har gobe ba a tayar da injin sai fankar da ke fitar da tururin ta yi minti 4 tana aiki. Ina ɗaukar ’ya’yan mutane, ba zan yi rowa a wannan wurin ba.

Wuri ɗaya ne na ƙi bin shawararsa, wato kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul da rufe su, domin ita ce tushen ƙarfin da na biya kuɗi a kansa. A mako na uku, bayan mun daɗe muna tafiya a hankali tsakanin tsibiran da ke bakin kogin, injin ya fara tari yana karkarwa. Da muka dawo gaɓa Masta ya zaro sandar awon mai, sai ga baƙin man ya koma kalar shayi mai madara, ya kwance fulogi biyu na baya, ya jijjiga su a tafin hannunsa, ɗigon ruwa ya fito. Bayaninsa shi ne, kamshaf irin ta masu gudu tana barin bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo, kuma idan injin yana tafiya a hankali sai ya riƙa zuƙo hayaƙin da ya fitar ya dawo da shi. A mota wannan ba ya cutar da komai, amma a jirgi ana zuba ruwa a cikin bututun hayaƙin, saboda haka ruwan ne yake biyo baya har cikin silinda. Allah Ya taƙaita, mun gano da wuri kafin ruwan ya taru ya lanƙwasa sandar fistan. Muka juye mai har sau uku, muka sa kamshaf ta jirgi, muka ƙara wa wuyan salansar tsayi. Da na koma kan takardar garanti sai na tarar an rubuta ƙarara cewa ba ta shafi injin da aka sa a jirgi ba, don haka duk asarar a wuyana ta tsaya.

Bayan wannan gyara ne na fahimci cewa ƙarfin da aka rubuta a takarda yana fitowa ne idan injin ya haura juyi 5,000 a minti, alhali injin jirgi mai wannan girman ana so ne ya tsaya tsakanin 4,400 da 4,800 idan an ba shi wuta gaba ɗaya, kuma mafi yawan tafiyarmu a wajen 3,000 muke yin ta. Abin da jirgi yake buƙata shi ne ƙarfin turi tun daga ƙasa, wanda zai ɗaga shi saman ruwa da mutum takwas a ciki. Sai da muka gwada farfela iri uku kafin muka dace. Haka kuma injin ba ya son fetur sai mai lamba 95, wanda ba kowane gidan mai a hanyar Ada nake samunsa ba, sai dai in ɗebo a jarkoki daga Tema.

Yanzu jirgin yana tafiya yadda nake so, kuma tun daga wancan karon bai sake tsayar da ni a tsakiyar ruwa ba. Amma da na haɗa lissafin inji da kwastan da kayan da aka sauya da kuɗin aiki, ragin da na samu a kan injin jirgi cikakke kaɗan ne, ga kuma kusan wata biyu da jirgin ya yi a ɗaure. Wanda jirginsa yake da tsohon inji irin wannan, kuma kayan jikinsa na jirgi suna da sauran rai, zai iya sayen gangar jikin kaɗai, amma ya nemi wadda aka haɗa da kamshaf ta jirgi tun daga can, ya bar mai ƙarfin doki 400 ga masu mota. Wanda kuwa zai fara daga tushe, ko ba shi da bakaniken da ya taɓa aikin jirgi da hannunsa, ban ba shi shawarar ya bi sawuna ba. A watan gobe, in Allah Ya yarda, za mu kwance wuyan salansar mu duba yadda gishirin Ada ya yi da shi a shekararsa ta farko.