Kan harsashi mai giren 350 a bindigar .375: abin da na gani a jikin ɓauna

Duk wanda zai tunkari ɓauna da bindigar .375 H&H, shawarata ita ce ya gwada kan harsashi mai giren 350 maimakon mai 300 da kowa ya saba da shi (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne). Na yi aiki da na kamfanin Woodleigh na Ostireliya, samfurin Weldcore, kuma in dai ɓauna ce a gabana, ban ga abin da zai mayar da ni baya ba.

'Yan'uwa na nan Riyad da Jidda za su tambaya, to ba a Saudiyya aka yi harbin ba. Nan farauta sai da izinin hukumar kula da namun daji, ta manhajar Fitri, kuma galibi ta tsuntsaye ce a lokacinta. Barewa da mariri kuwa kada ma mutum ya kusance su, tarar ba ta wasa ba ce. Manyan bindigogi dai mukan je mu ba ido abinci a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Harbin a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu muka yi shi, da bindigar jagoranmu mai lasisi, kuma shi ya ɗura harsasan da hannunsa a gabana.

Ɗurin nan ya burge ni ƙwarai. Ɗan tebur ne a bayan ɗakinsa, da ma'auni, da littafin awo a buɗe. Kowane kwanso sai ya auna albarushinsa shi kaɗai, ya duba littafi, ya sake duba ma'auni. Ba ya ƙara ko ƙwaya a kan abin da aka rubuta, don kan mai 350 ya fi tsawo, yana cin wurin albarushi a cikin kwanso, awon mai 300 ba ya yi masa. In ya zaunar da kan, sai ya matse bakin kwanson a kansa, saboda naushin bindiga kan tura kawunan da ke jira a cikin gidan harsashi su nutse. Da ya gama, ɗaya bayan ɗaya ya bi da su ta cikin bindigar, ya tabbata babu mai maƙalewa. Ya kuma ce ba ya cika ɗuri har ƙarshe saboda zafi, tunda rana na ƙara wa albarushi ƙarfi. Wanda ya san yadda sitiyari ke ƙuna a Riyad a watan Yuli ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ita kanta .375 ɗin, da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, an yi ta ne da ƙasashe masu zafi a rai.

Bambancin a takarda kaɗan ne. Giren 300 wajen giram 19 ne da ɗoriya, 350 kuwa ya kusa giram 23. Na farko yana fita da gudun ƙafa 2,500 a daƙiƙa ko sama kaɗan, na biyu wajen 2,300. Faɗinsu ɗaya, don haka nauyin da aka ƙara duk a tsawo ya tafi, kuma shi ke sa ya kutsa ya miƙe, ba ya karkacewa in ya ci karo da ƙashi. Ɓauna fa ba gwanki ba ce. Fata mai kauri, haƙarƙari masu faɗi da suka kusa haɗewa, ga kafaɗa sai ka ce turmi.

Tawa ta tsaya ne a karkace cikin ƙaya, tana kallonmu, tazarar ba ta kai mita 60 ba. Na yi bisimilla na ɗora a kan kafaɗar da ke kusa. Ta zabura, ta ɗan yi gudu, sai muka ji wannan dogon kukan da takan yi in rai zai fita. Da masu fiɗa suka buɗe ta, an ga ya karya kafaɗa, ya ratsa saman zuciya da huhu, ya je ya tsaya ƙarƙashin fata a ɗaya gefen, har ana jin tudunsa da yatsa. Suka ciro shi suka sa mini a tafin hannu. Bakin ya baje ya naɗe baya, dalmar na manne da rigarta ta jan ƙarfe, ba ta rabu ba. Abin da ake biyan kuɗi dominsa ke nan, don a irin wannan samfuri haɗe su ake yi tun a masana'anta. Kan da ya tarwatse a ƙashi shi ke barin dabba da rauni ta shige duhuwa, kuma ɓauna mai rauni ita ke kashe maharbi.

Da na nuna hoton a majalisarmu bayan isha'i, wani dattijonmu da ya yi harbi da adaka a ƙuruciyarsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, ta sha wahala?" Na ce, "A'a Baba, ba ta daɗe ba." Ya ce to madalla. Ni ma nan ne zuciyata take. An umarce mu da kyautata kisa da yanka, kuma ban yarda mutum ya yi arahar harsashi dabba ta biya da azaba ba.

Naushin mai 350 a kafaɗa akwai shi, amma turi ne mai nauyi, ba fizga ba, kuma na fi saurin dawo da saiti da shi. Inda ya gaza shi ne nesa. In tazara ta wuce mita 150 yana saurin sunkuyawa, don haka ranar da muka fita neman ƙananan namun fili, kan da bai kai shi nauyi ba jagoran ya ba ni. Kuma saitin ɗaya ba ya yi wa ɗayan, dole a koma wurin gwaji a daidaita madubi. Ranar ɓauna kuwa, bayan mai taushin baki, jagoran ya sa mini masu ƙarfin baki iri ɗaya a nauyi a ƙasa, ko da za a bi ta da harbi tana gudu.

Samunsa ma sai an shirya. Gobarar da ta ci masana'antar Woodleigh a Nuwamban 2021 ta sa kawunan suka daɗe suna wuya a kasuwa. Mai niyyar tafiya ya gaya wa jagoransa tun da watanni, ya nemo, ya ɗura, ya gwada a bindigar da za a ba shi, domin ba kowace bindiga ke karɓar dogon kai daidai ba.