Sharhi Kan Tsarin Tara Ruwan Magudanar Gona Domin Ban-ruwa

Aikin da kamfanin da na ɗauka ya yi mini a gonata kashi uku ne: ya gyara magudanan gonar yadda rarar ruwa za ta gangara wuri guda, ya haƙa tafki a kwarin gonar ya shimfiɗa masa baƙar leda mai kauri, sannan ya kafa famfo mai aiki da hasken rana wanda ke mayar da ruwan ga shuka idan sama ta ɗauke. Na gamsu da aikin, amma akwai giɓi biyu da ya kamata mai niyyar sa hannu a irin wannan kwangila ya sani.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin da injiniyan ya yi kafin a fara haƙa. Milimita 1 na ruwa a kan hekta guda lita 10,000 ne, saboda haka ban-ruwan milimita 100 ga hekta ɗaya tak yana cin lita miliyan 1, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙaramin kududdufi ba zai kai shuka gaci ba. Ya zaɓi zurfi a kan faɗi, domin rana da iska sun fi shanye ruwan da ya baje, ya kuma yi ƙaramin rami gaban tafkin inda laka ke kwantawa, abin da ya hana matatar famfon toshewa. Famfon bai ba ni matsala ba, sai dai ƙarfinsa kan ragu a ranar hadari. Wata ribar kuma ita ce, takin da ruwa ke wankewa, musamman sinadarin naitiret, yana komawa gona maimakon ya gurɓata rafi.

Inda suka gaza shi ne batun gishiri. Ruwan da ya ratsa ƙasa yana kwaso gishirin cikinta, idan ya zauna a tafki rana ta rage shi gishirin ya ƙara yawa, kuma duk lokacin da aka mayar da shi gona sai shuka ta sha ruwan ta bar gishirin a wurin saiwa. Jagoran da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 ya nuna cewa ruwan da awonsa bai kai 0.7 a ma'aunin dS/m (ma'aunin yawan gishirin da ke cikin ruwa) ba babu damuwa a kansa, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, sama da 3 kuwa matsala ce babba. Albasa da karas ba sa jure gishiri, alhali sha'ir da auduga suna da haƙuri da shi. Duk da haka kamfanin bai haɗa da na'urar awon ba, ga ta ƙarama mai sauƙin aiki, bai kuma yi bayanin gauraya ruwan tafki da sabon ruwa ba sai da na tambaya. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin a Kesterson da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ruwan magudanar gonaki da aka tara ya tattara sinadarin seleniyam har aka gano a 1983 yana nakasa 'ya'yan tsuntsayen ruwa. Ƙasa ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma awo ne kaɗai ke faɗin abin da ke cikin ruwa, har da ragowar maganin kashe ciyawa da sai ɗakin gwaji ke iya ganowa.

Shinge ma ba ya cikin kwangilar, alhali ledar tana da santsi ƙwarai, yaro ko dabba da ta faɗa ba za ta iya fitowa da kanta ba. Wanda zai ɗauke su aiki ya sa a rubuta shinge, da tsanin fita, da na'urar awon gishiri, da gwajin ruwa na farko a cikin takardar yarjejeniya kafin ya biya kafin alƙalami.