Judo da kareti: inda suka raba hanya

A Jos, daga Gangare har Anguwar Rogo, duk yaron da aka gani da farar riga da ɗamara, sai a ce ga ɗan kareti. Finafinan Caina da muka taso muna kallo su suka jawo haka.

Kareti daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ya fito, kuma aikinsa naushi ne da shuri da kare duka. Ana ba juna tazara.

Judo kuwa sai an kama juna. Jigoro Kano ne ya kafa shi a Tokyo a 1882, kuma a gasarsa babu duka ko kaɗan. Za ka cafki kwala da hannun rigar abokin karawarka, ka gusar da shi daga tsayuwarsa, ka kayar. Ya faɗi da baya da ƙarfi, wasa ya ƙare. Haka ma in ka danne shi daƙiƙa 20, ko ka shaƙe shi ya sallama. Shi ya sa rigar judo ta fi kauri, don ta jure fizga. Wanda ya san kokawar gargajiya zai gane shi nan take.

Judo ya shiga Olamfik a 1964. Kareti sau ɗaya ya leƙa, a wasannin Tokyo na 2021.

Ni dai ga ƙaramin yaro na fi son judo, domin darasin farko shi ne yadda zai faɗi bai bugu a ka ba.