Wane Gwajin Takunkumi Za Ka Saya Wa Ma'aikatanka?

Takunkumin da ke tace kashi 95 cikin 100 na ƙura aikin banza yake in akwai 'yar kafa a gefen hanci, domin iska inda ta ga sauƙi take bi. Shi ya sa hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki a Amurka, ta wajabta a gwada yadda takunkumi ke kama fuskar ma'aikaci kafin ya fara sa shi, a sake duk shekara, a kuma sake in an canja masa samfuri, ko ya rame, ko ya yi ƙiba, ko an cire masa haƙora.

Ni dai na'urar ƙirga ƙura na zaɓa, irin PortaCount ta kamfanin TSI. Ana jona siririn tiyo a jikin takunkumin, na'urar ta ƙirga ƙwayoyin ƙurar da ke ɗakin, ta ƙirga waɗanda suka kutsa ciki, ta raba ta ba ka maki. Takunkumin rabin fuska sai ya kai 100. Mai rufe fuska duka 500 ne a Amurka, 2000 a Birtaniya. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikaci yana kallon allo yana gyara ƙarfen hanci ko igiyar kai, yana ganin maki na hawa da sauka. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai ka sake yi masa wa'azi a kan yadda gemu ke hana takunkumi kama fuska ba. Tun 2019 ma OSHA ta amince da gajeren gwaji na minti 2 da daƙiƙa 29. Na'urar tana da tsada, gaskiya ne. Tana shan sinadarin isofurofil mai tsabta, tana son a kai ta saiti duk shekara, mai shan taba kuma sai ya jira aƙalla minti 30, in ba haka ba hayaƙin huhunsa zai ɓata lissafi. In N95 za ka gwada, wato takunkumin nan mai tace kashi 95 da ake yarwa bayan amfani, tabbatar ka sayi wadda aka yi don shi, kamar 8048.

Sauran hanyoyin gwajin fa? Na'urar da ke zuƙe iska ta auna matsi, irin Quantifit, ba ta gwada N95, magana ta ƙare ga mai asibiti, tunda shi ma'aikatansa ke sawa. Gwajin ƙanshi na man ayaba, wani sinadari mai ƙanshin ayaba, sai da takunkumi mai tace tururin sinadarai. Gwajin hayaƙi mai sa tari kuwa NIOSH, hukumar Amurka mai tantance takunkumi, da kanta ba ta goyon bayansa.

Wanda aljihunsa bai kai na'ura ba, ya sayi kayan gwajin ɗaci na Bitrex, kamar FT-30 na 3M. A kifa wa mutum hular gwaji, a fesa, in ya ji ɗaci ya faɗi gwajin. Amma ba ya iya tabbatar da makin 500 na takunkumin fuska duka. Mai zaƙi, wato sakarin, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa wurin aikinmu da shi, kowa ya ci gwaji, har da mai saje, ashe sakarin ya daskare ya toshe bakin famfon, iska kawai yake fesawa. Ƙari a kan haka, ma'aikacin da ke tsoron a cire shi daga aiki zai haɗiye zaƙi ya ce bai ji komai ba. Ɗacin Bitrex kuwa fuska ce ke tona shi.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Akwai masu yawo da takardar shaida, a cikin awa guda su ce sun gwada mutum talatin. Ƙarya ce. Gwajin ɗanɗano motsi bakwai ne, kowane minti ɗaya: numfashi, dogon numfashi, juya kai gefe da gefe, ɗaga shi sama da ƙasa, magana, sunkuyo, sai numfashi kuma. Kafin nan dole a fesa wa mutum ba takunkumi, sau 10, 20 ko 30, a tabbatar harshensa na ji. Duk wanda ya tsallake wannan, ko bai tambayi ko an ci abinci cikin minti 15 da suka wuce ba, sallame shi. Takardar da ba ta rubuta samfuri da girman takunkumin ba, ba shaida ba ce.

Sai jabun takunkumi, wanda ya cika duniya tun korona. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan kashi 60 na KN95, takwaran N95 na ƙasar Sin, da NIOSH ta auna a 2020 da 2021 ba su cika ƙa'ida ba. N95 na gaske igiyarsa kai take zagayawa, ba kunne ba, kuma yana ɗauke da lamba mai farawa da TC-84A. In ka ga an yi kuskuren rubuta NIOSH, ko an ce an amince da shi don yara, jabu ne. Ɗauki lambar ka duba ta a jerin da NIOSH ke wallafawa a intanet kafin ka biya, sannan ka buɗe kwali daga tsakiyar kaya, ba wanda dillali ya miƙo maka ba.