Na'urar Tracerline Marksman II: tana gano fiton iska a sabuwar mota, amma ba kowane fito ba

Sabuwar mota mai fito a kan titi tana hana mai ita sakat, kuma tana wahalar da bakanike fiye da wadda injinta ya lalace, domin da zarar ta tsaya a gareji sai ta yi tsit. Irin wannan ƙorafi ne ke sa garejoji sayen Marksman II na Tracerline. Na'ura ce mai kyau ƙwarai a kan matsala guda ɗaya, kuma wanda ya saye ta da tunanin za ta gano kowace ƙara zai sha takaici.

A cikin akwatin akwai mai karɓar sauti da ake riƙewa a hannu, da lasifikar kunne, da tsinke mai rami na sauraron iska, da wani marar rami na dafawa a jikin ƙarfe, sai ƙaramin akwati mai fitar da sauti. Kunnen mutum ba ya wuce kilohaz 20, su kuwa irin waɗannan na'urori suna aiki ne wajen kilohaz 40, sai mai karɓar ya sauko da sautin yadda kunne zai ji. Irin wannan sauti ba ya ratsa ƙarfe ko gilashi sosai, amma yana bi ta duk wata kafa da iska za ta iya bi.

Ana ajiye mai fitar da sautin a kan kujera kusa da ƙofar da ake zargi, a ɗaga gilasai, a rufe ƙofofi. Daga waje sai a bi gefen ƙofa da tsinken a hankali, santimita 2 zuwa 3 daga jikin roba. Inda robar ta kama, shiru za ka ji ko ɗan sauti ƙasa-ƙasa. Inda ta saki, sautin zai tashi farat ɗaya, fitilun jikin na'urar su ƙaru. A manna guntun tef a wurin, sannan a gwada daidai wurin a ɗaya ƙofar. Wannan kwatanci wajibi ne, domin kusan kowace mota tana ɗan fitar da sauti ta hannun ƙofa da ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa, kuma ba laifi ba ne. Sabon hannu yakan ƙure ƙarfin na'urar har ko'ina ya riƙa ƙara. A fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

A nan ta fi kowace dabara. Robar da ta naɗe a kusurwar sama, ko inda gam ɗin gilashin gaba bai cika ba tun daga masana'anta, ko ɗan triangul ɗin madubin gefe da soso bai zauna a bayansa ba, duk tana nuna su cikin minti kaɗan ba tare da an jiƙa motar ba. Gwajin takarda, wato a rufe ƙofa a kan takarda a ja a ji ko ta kama, yana da amfani, sai dai ba ya kai wa gefen gilashin gaba.

Rauninta na farko shi ne motar a tsaye take lokacin gwaji. Fiton iska yakan fara bayyana ne daga wajen kilomita 80 a awa, lokacin da iskar da ke zagaye ginshiƙin gaba, wato ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa, ta rage matsi a gefen gilashin ƙofa. Hakan yana jan saman ƙofar waje, sai robar da ta kama daram a gareji ta ɗan buɗe a kan titi. Na'urar za ta ce lafiya lau alhali direba na shan fito a kunnen hagu. Maganin wannan shi ne tef ɗin masu fenti: a rufe gefen ƙofa da gefen gilashin gaba da gindin madubi, a hau titi da gudun da ƙarar ke fitowa, sannan a riƙa cire tef ɗin gaɓa-gaɓa har fiton ya dawo. Idan ƙofar ce, sau da yawa matsar da ƙarfen da take kamawa ciki da milimita 1 ko 2 ya wadatar.

Na biyu, wani fiton ba daga kafa yake ba. Sandunan kaya na saman mota, musamman idan an manta ba a sa robar da ke rufe tsagin samansu ba, suna kuka da kansu. Haka tsagin murfin madubi, da robar ƙasan gilashin gaba idan maƙallinta ɗaya ya fita. Babu iskar da ke shiga motar, don haka na'urar ba ta da abin ji. Shi kuwa bugun da ke dukan dodon kunne idan an sauke gilashin baya ɗaya kaɗai, ba lalacewa ba ce. A ɗan sauke na gaba, zai tafi.

Ɓangaren fanka da AC ma hannu ya fi na'urar sauri. Kafin a buɗe akwatin na'urar, a kashe fanka ana cikin gudu. Idan fiton ya ɗauke, laifin yana ciki. Sai a danna maɓallin juya iskar cikin mota: idan sautin ya canza, a duba murfin da ke rufe hanyar iskar waje, wataƙila ba ya rufewa ruf. Filtar iska, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin dashbod na gefen fasinja, tana fito idan ta karkace ko murfinta bai kama ba. Ƙarar tik-tik mai bin gudun fanka ganye ne ko guntun leda a cikin fankar. Ƙwas-ƙwas a bayan dashbod lokacin canza zafi da sanyi daga ƙaramin injin lantarkin da ke juya murfin iska yake, kuma a nan tsinke marar rami yana taimakawa wajen ware wanne ne. Ɗan huci na daƙiƙoƙi bayan kashe AC gas ne ke daidaita matsinsa.

Ga gareji mai karɓar ƙorafin ƙarar iska da yoyon ruwa, ko mai sa gilashin mota, Marksman II ta cancanci kuɗinta, tunda tana kuma gano yoyon taya da na bututun iskar inji. Mai mota ɗaya ba ya buƙatarta. Tef da takarda sun ishe shi ya gano wurin, ya rubuta gudun da ƙarar ke farawa da matsayin fanka, ya kai wa dillali tun garanti na aiki. Kada ya shafa silikon a robar ko ya lanƙwasa ƙofar da gwiwa, domin hakan na iya ba dillali hujjar ƙin gyarawa kyauta.