Wasiƙa daga Leicester: wa ke sanar da ku idan ruwa ya taso?

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Umma da yara da duk mutanen layinmu.

Ka ce in rubuto maka yadda kaya da hidima suke a nan Ingila, tunda hirar waya ba ta isar mu. Maganar kaya gajeriya ce. Shinkafa da man girki da kaza suna da sauƙi idan ka auna su da albashi, kuɗin haya da na ɗumama ɗaki ne ke cinye mutum. Daddawa da kuka sai shagunan 'yan Afirka, ga tsada, kuma ƙamshinsu bai kama ƙafar na Kasuwar Rimi ba. Inda nake so mu daɗe shi ne wata hidima da ban san ana yi wa talaka ita ba sai da na zo: yadda hukuma ke yi wa mutanen gari magana idan wani abu ya taso.

Ranar 6 ga Janairun 2025 muka wayi gari da ambaliya. An kwana ana ruwa a kan ƙanƙarar da ta zuba, kogin Soar da ya ratsa garinmu ya cika ya batse. Kafin in fita aiki na buɗe Facebook, sai na tarar shafin hukumar gari ya riga ni tashi. Sun jera sunayen titunan da aka rufe, sun faɗi inda wanda ruwa ya shiga gidansa zai nemi taimako, 'yan kwana-kwana kuma suna ta nanata cewa kada kowa ya tura mota cikin ruwan da bai san zurfinsa ba. Babu hoton shugaba, babu jinjina ga kowa. Abin da ya faru, inda ya faru, da abin da za ka yi. Bayan ɗan lokaci su sabunta, su cire titin da aka buɗe, su ƙara wanda aka rufe. Da wannan na canza hanya, na isa aiki ƙafata a bushe.

Daga baya na gane aikin hawa-hawa ne. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da gargaɗi da launi uku, rawaya da ruwan goro da ja, har yaran firamare sun san ja ba wasa ba ne. Hukumar kula da muhalli kuma, idan ka ba ta adireshinka, za ta turo maka saƙo ko ta kira ka kyauta duk lokacin da kogin da ke kusa da kai ya fara barazana. A sama da su akwai wata jiniya da gwamnati ke busawa ta cikin wayoyi. Ranar da aka fara gwada ta a faɗin ƙasar, 23 ga Afrilun 2023 da ƙarfe 3 na rana, ina cikin bas, wayoyinmu duka suka ɗauki ƙara lokaci guda, har da waɗanda aka kashe wa sauti. Ba ta buƙatar lambarka, ba ta cin data, turakun sadarwa na yankin ne ke watsa ta ga duk wayar da ke kusa. A ambaliyar Janairun nan an busa ta ga mutanen wajen Barrow upon Soar, arewa da mu kaɗan. Wutar lantarki ma idan ta ɗauke, 105 za ka kira kyauta, a faɗa maka abin da ya lalace da lokacin da ake sa ran dawowarta.

Kada ka ɗauka sadaka ce. Kowane gida yana biyan harajin ƙaramar hukuma, nawa ya haura fam 100 a wata, ban da haya. Shi ya sa mutane ke shiga ƙarƙashin sanarwa suna tambaya kai tsaye, kuma a amsa musu, domin kowa ya san da kuɗinsa ake biyan mai riƙe da shafin.

Su ma ba su tsira daga ji-ta-ji-ta ba. A Satumban 2022 rikici ya tashi a nan tsakanin matasan Hindu da na Musulmi, labaran ƙarya suka yi ta yawo a waya, har da na cewa an yi yunƙurin sace wata yarinya Musulma. 'Yan sanda suka fito a shafinsu suka ce sun bincika, hakan bai faru ba. Bai kashe wutar nan take ba, amma mu da muke masallaci mun samu abin da za mu nuna wa yaran da jininsu ya hau.

Duk lokacin da na ga irin wannan, daren nan na daminar bara nake tunawa, da ka turo mini muryar wani da ba mu san ko waye ba yana rantsuwa cewa dam ya ɓalle, ruwa na tafe Kano. Ka ce Umma ta ɗaure kayanta a zani ta zauna a zaure har asuba. Ina nan nesa, hannuna na rawa, na nemo shafin ƙaramar hukumarmu. Abu na ƙarshe da aka sa hoton ziyarar ta'aziyya ne na watanni da suka wuce. Wallahi Yaya, na fi jin zafin wannan shirun a kan ƙaryar mai muryar. Layi biyu sun isa a ce babu dam ɗin da ya ɓalle, kwata ce ta toshe a unguwa kaza, ku kwanta.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, na lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Muna da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, muna da lambar gaggawa ta 112. Tambayata ita ce, wa ke ɗaukar wannan bayani ya juya shi da Hausa ya kai shi kunnen mai shago a Kantin Kwari, wanda ruwan Agustan 2022 ya jiƙa wa atamfofi? Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas daga cikinsu a cikin birni da kewaye, kuma su ne suka san wace kwata ce ke fara ambaliya a Fagge ko Kurna. An ma nuna mana abin zai yiwu: dubi yadda Kanawa ke garzayawa shafin kakakin 'yan sanda, Abdullahi Haruna Kiyawa, da zarar an ji wani abu, saboda da Hausa yake magana kuma an saba jin sa.

Akwai kuma abin da muka fi su, kuma ba don son gida na faɗa ba. Jiniyar wayar nan da Turanci take zuwa mana, dattijon da bai iya karatu ba sai ƙarar kawai zai ji. Ranar ambaliyar na ƙwanƙwasa wa wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasan benenmu, ta ce ni kaɗai na leƙo ta tun safe. A Kano wannan ba zai faru ba. Muna da mai unguwa da dagaci, muna da lasifikar masallaci da ke tashin layi guda a minti ɗaya, muna da Freedom da Rediyon Kano a kunnen kowane mai shayi da ɗan adaidaita, ga zaurukan WhatsApp na unguwa da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai. Da ƙaramar hukuma za ta ware ma'aikaci ɗaya sananne, ya riƙa naɗar murya ta minti guda da Hausa, da sunansa da kwanan wata da lokaci, ya tura wa masu unguwanni da limamai da gidajen rediyo, saƙon zai riga nasu isa cikin gidaje. Kwanan watan nan yana da muhimmanci, domin ka san yadda tsohuwar murya ke dawowa bayan shekara biyu a matsayin sabuwa.

Don Allah idan kun haɗu da mai unguwa bayan sallar Juma'a ka yi masa wannan maganar, ka ji ko kansilanmu zai karɓa. Idan kuɗin data ne matsalar, ni da 'yan unguwarmu biyu da ke Birmingham mun yi magana, za mu ɗauki na shekara guda. Na kuma turo maka ɗan abin da za a ba yaran da za su yashe kwatar ƙofar gida, a yi kafin Yuli. Ka gaida Umma, ka ce mata rigar sanyin da ta ce in saya na saya.