Mukayyif na taga ko sifilit: wanne ya dace da mai haya a Makka?

Hajiya, barka da tarewa, Allah ya sa gidan zama ne. Kin ce kin kama hayar ɗaki biyu a wani tsohon gini a Hindawiyya, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ɗin taga da kika sayo a haraji, wato kasuwar kayan gwanjo, yana ta ruri dare da rana, fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta yi tsalle tun shigowar zafi, filoginsa kuma har ɗumi yake yi idan an taɓa. Wasu sun ce ki sayi sabon na taga, wasu sun ce sifilit kawai (mai ɓangare biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje), shi ne kike neman a raba miki gardama.

Bari mu fara da kuɗin wuta, tunda nan ne abin yake ci miki tuwo a ƙwarya. Tun watan Janairun 2018 ana sayar wa gidaje kilowat ɗaya na awa a kan halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya), matuƙar ba a wuce kilowat 6,000 a wata ba. Abin da ya haura haka halala 30 ne, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari. Sabon na taga mai ƙarfin sanyi BTU 18,000, wanda 'yan kasuwa ke kira tan ɗaya da rabi, yana jan wajen wat 1,800. Sifilit mai irin wannan ƙarfi yana jan wajen 1,500. A ce kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, tana aiki awa 12 kullum. A wata na taga zai ci kilowat kusan 650, wato riyal 135 har da haraji, sifilit kuma 540, wato riyal 112. Tazarar riyal ashirin da 'yan kai ce a wata, a kan kowane ɗaki, kuma a watannin zafi ne kawai take kaiwa haka. Sifilit kuwa, idan kika haɗa da kuɗin girkawa da bututun tagulla da ake lissafawa mita-mita, yakan kusa ninka na taga a farashi. Kin ga ke nan sai an shekara da shekaru kafin rarar fatura ta mayar miki da kuɗinki. Masu shago ba sa son a yi wannan lissafi a gabansu.

Amma fa sabo da sabo na gwada. Na haraji maganarsa daban ce. Injin da ya tsufa, ƙura ta toshe masa haƙarƙari, kwamfuresarsa ba ta hutawa, yana shan wuta ya ba ki sanyi kaɗan. Araha ba ta ado. Duk wanda kika saya sabo a cikin biyun zai fi shi, muddin yana ɗauke da katin ingancin makamashi na SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, mai haruffa da launuka daga kore zuwa ja. Ki dubi adadin kilowat na shekara da aka rubuta a katin, shi ne ma'aunin da za ki gwada injin biyu da shi.

Inda sifilit ya yi wa na taga fintinkau shi ne idan mai inbata ne. Na gargajiya kwamfuresarsa ko dai tana gudu da iyakar ƙarfinta ko ta tsaya cik. Mai inbata kuwa, da ɗaki ya yi sanyi sai ta rage gudu ta ci gaba a hankali, kamar direban da ya saita mota a hanyar Jidda ba ya ta taka burki yana sake tashi. A ɗakin da ake kwana, ƙofa a rufe, dare ya yi nisa, nan ne ribar take fitowa. Amma a falon da yara ke shiga da fita, ko ɗakin saman bene da rana ke dukan rufinsa tun hantsi, inbatar ma gudu za ta yi ta yi, ribar ta ragu. Zafin garin nan ba na wasa ba ne, a Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Harami. Sannan idan allon lantarkin inbata ya ƙone, gyaransa da tsada, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Na taga kuwa kowane lungu akwai wanda ya san cikinsa.

Maganar ƙara ba sai an ja ta ba: kwamfuresar na taga tana cikin bangon ɗakinki, ta sifilit tana waje.

Yanzu filogin nan mai ɗumi. Wannan ya fi fatura gaggawa, kada ki jira sai kin sayi sabon inji. Ɗumi alama ce ko dai jonin ya yi sako-sako, ko wayar ta yi wa injin siriri. Mukayyif mai 18,000 yana jan amfiya takwas zuwa tara, kuma a lokacin da kwamfuresa ke tashi yana fizgar ninkin haka sau da dama. A nan ne na taga ya fi jefa mutane cikin hatsari, ba don injin ya fi muni ba, sai don yana zuwa da igiya, kowa sai ya ga ai zai iya cusa shi a kowane soket, ko ma a tausila, wato wayar ƙari mai soket da yawa, tare da firji da cajar waya. Sifilit dole sai an kira ma'aikaci, shi kuma yawanci yakan ja masa layinsa. Kowanne kika zaɓa, haƙƙinsa ɗaya ne: layi nasa shi kaɗai daga akwatin wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 4, bireka tasa, makunni mai amfiya 20, da wayar ƙasa. Idan bireka tana yawan faɗuwa, kada ki yarda wani ya ce zai sa miki babba. Faɗuwar tata gargaɗi ne, idan aka sa babba wayar ce za ta narke a cikin bango. In da hali a ƙara birekar da ke yanke wuta idan ta zubo ta jikin ƙarfe, mai miliamfiya 30, musamman gidan da ke da yara.

Tsohon gini kuma yana da wani tarko. Da can gidajen ƙasar nan layi biyu ake ja musu, mai volt 127 da mai volt 220. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 a hankali, amma har yanzu akwai gine-ginen da soket biyu ke jere a bango ɗaya, kamanninsu ɗaya, ƙarfinsu daban. Ki sa a auna kafin a jona komai. Idan kika ji ƙaurin roba, a kashe babbar bireka tukuna, kada a watsa ruwa. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka, ta gaggawar kamfanin lantarki kuma 933.

Wajen kulawa kusan kunnen doki suka yi. Duka biyun suna son a wanke matacin iska duk mako biyu a lokacin ƙura, a kuma saita su a digiri 24 maimakon 18. Sa 18 ba ya hanzarta sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. Idan kin kashe, ki ba shi minti uku kafin ki sake kunnawa. Na taga cutarsa ita ce gefe-gefen ramin da ake bari a buɗe, iska mai zafi na shigowa ta nan, sai a toshe da soso. Sifilit cutarsa yoyo: ruwa idan bututun magudana ya toshe, gas idan an yi jonin tagulla da ganganci. Gas ba ya ƙarewa haka kawai. Duk mai gyaran da ke zuwa yi miki ciko kowace shekara bai nemo inda yake zuba ba, kuɗinki yake so.

Da ni ne ke, ga yadda zan yi. Idan kwantiragin shekara ɗaya ne kuma ba ki da tabbacin sabuntawa, ramin mukayyif kuma yana nan a bango kamar yadda yake a yawancin tsofaffin gine-gine, ki sayi sabon na taga, rarar kuɗin ki kashe ta a kan gyaran waya. Ranar tashi mutum biyu za su zare shi su sa a mota. Sifilit sai an nemi izinin mai gida kafin a huda bango, ranar tashi a biya mai kwancewa, a sabon gida a sake biyan mai ɗaurawa. Idan kuwa zama ya yi zama, ki sa sifilit mai inbata a ɗakin kwana kawai, inda ya fi daɗewa a kunne, ki bar na taga a falo.

Ki kuma tambayi mai gida ko mitarki ke kaɗai ce. Gidaje da yawa a kan mita ɗaya sukan haura 6,000 cikin sauƙi, sai a shiga farashin halala 30, a raba da ke, ko da naki injin ba ya cin komai.

In kuma kina tunanin idan za ki koma gida ki auna shi a kago zuwa Kano, ki duba takardar da ke jikinsa tun a shago. Wutar Saudiyya tana juyi 60 ne a daƙiƙa, ta Najeriya 50. Injin da aka rubuta masa 60 kaɗai, idan ya je can kwamfuresarsa za ta rage gudu, sanyinsa ya ragu, ya riƙa ɗaukar zafi. Wanda za ki tafi da shi sai mai ɗauke da 50/60.